Jirgin da ya fi ƙarfin tasharsa: nazarin zirga-zirgar tsibirin Arran

Arran tsibiri ne a yammacin Sikotlan, a tsakiyar mashigin tekun da ake kira Firth of Clyde. Tsawonsa kamar kilomita 32 ne, faɗinsa kamar 16, kuma a ƙidayar 2011 mutum 4,600 da 'yan kai ne ke zaune a cikinsa. Arewacinsa duwatsu ne tsirara, mafi tsawo cikinsu Goat Fell mai mita 874. Kudancinsa kuwa gonaki ne da makiyayar tumaki da shanu. Da zarar sanyi ya ja baya sai baƙi su fara kwarara: masu hawan dutse, masu keke, masu wasan golf, da iyalan da suka kama gida na mako guda don yara su sha iskar teku. Da kuɗin waɗannan baƙi otal-otal da shagunan tsibirin suke rayuwa.

Babu gadar da ta haɗa Arran da babbar ƙasa, babu filin jirgin sama, babu layin dogo. In ka cire mara lafiyar da gaggawa ta sa aka kira masa jirgi mai saukar ungulu, kowa da komai ta jirgin fito yake bi: fulawa, man fetur, siminti, tumakin da za a kai kasuwa, mai zuwa ganin likita a babban asibitin Crosshouse da ke kusa da Kilmarnock, da baƙon da ya zo hutu. Kusan dukkansu kuma ta ƙofa ɗaya suke shiga da fita, tashar garin Brodick.

Tsakanin 2014 da 2025 an yanke wasu shawarwari a kan wannan ƙofa. Kowacce in ka ɗauke ta ita kaɗai za ka ga tana da hujja. Da suka haɗu kuwa sai suka daɗaɗa wa mai mota, suka wahalar da mai tafiya a ƙafa, a tsibirin da titunansa ba su da ƙarfin ɗaukar motoci masu yawa. Wannan shi ne lamarin da za mu duba, tare da abin da yake nufi ga wanda ke shirin zuwa can.

Yadda tafiyar take a da

Tafiya Arran daga birnin Glasgow zango uku ce, kuma daɗinta shi ne kowane zango yana miƙa ka ga na gaba. Ka shiga jirgin ƙasa a tashar Glasgow Central, kafin awa ɗaya ka sauka a Ardrossan Harbour, inda layin dogon ya ƙare a bakin ruwa. Daga ƙofar jirgin ƙasa zuwa ɗakin jiran fasinjojin jirgin ruwa taku kaɗan ne, ko mai jan akwati da goyon yaro ba zai ji jiki ba. Ketarawa zuwa Brodick minti 55. Kana saukowa ka tarar da motocin bas uku a jere suna jira: mai lamba 324 ta yi arewa ta Corrie da Lochranza, 323 ta yi kudu ta Lamlash da Whiting Bay, 322 ta ratsa tsakiyar tsibirin. Dukkansu a ƙauyen Blackwaterfoot na gaɓar yamma suke haɗuwa. An tsara jadawalin bas ɗin ne a kan isowar jirgi.

Jirgin da ya riƙe wannan hanya tun 1993 shi ne Caledonian Isles, mai ɗaukar mutum 1,000 da motoci kamar 110, yana zuwa ya dawo sau biyar a rana. Mutumin Arran yana iya bin jirgin safe ya ga likita a ƙetare, ya yi sayayya, ya kwana a gidansa. Mutumin Glasgow wanda bai mallaki mota ba shi ma yana iya zuwa ya hau Goat Fell ya koma a wunin.

Ba a ce babu matsala ba. Tashar Ardrossan tana fuskantar iskar kudu maso yamma, bakinta a matse yake, kuma sai jirgi ya yi wata kwana mai kaifi kafin ya jingina. Ranar da iska ta yi ƙarfi kyaftin yakan ƙi shiga, a soke tafiya. Mutanen Arran sun daɗe suna kuka da wannan. Amma kuka ne da iska, wadda kowa ya san lokacinta, galibi a hunturu.

Da aka karya kuɗin mota

A watan Oktoba na 2014 gwamnatin Sikotlan ta kawo wa Arran wani tsarin kuɗin jirgi da ake taƙaita sunansa da RET, wanda aka fara gwadawa a wasu tsibiran yamma tun 2008. Manufarsa mai sauƙin fahimta ce: kada ketare ruwa ya fi tuƙa mota a kan titi mai irin wannan nisan tsada sosai. Ana sa wani tsayayyen kuɗi, a ƙara wani abu a kan kowane mil, gwamnati ta cike giɓin da tallafi. A hanyar Ardrossan zuwa Brodick kuɗin fasinja ya ragu da kusan rabi, na mota kuma ya ragu da fiye da rabi.

Niyyar mai kyau ce, don ba daidai ba ne a ce zama a tsibiri ya zama hukunci. Masu otal sun ji daɗi, baƙi sun ƙaru, har lokacin da ake ganin baƙi ya ƙara tsawo. Sai dai yawan motoci ya yi tashin da yawan mutane bai yi ba. Iyalin da a da za su bar motarsu a wurin ajiye motoci na Ardrossan su shiga da ƙafa, yanzu lissafi ya nuna musu cewa ketarawa da ita ya fi sauƙi. Motocin da ake kwana a cikinsu, masu tsawo da faɗi, su ma suka shigo layi.

A nan akwai abin da duk mai shirin zuwa tsibiri ya kamata ya gane. Jirgin fito cika biyu gare shi. Akwai cikar kujeru, akwai cikar benen motoci, kuma kusan kullum benen motoci ne yake fara cika. Jirgi yana iya tashi da ɗaruruwan kujeru babu kowa a kai, alhali ko ƙaramar mota ɗaya ba za a iya ƙarawa ba. Baƙon da ya san ranar hutunsa tun watanni yana kama gurbinsa da wuri. Ɗan tsibiri da aka kira shi jiya cewa gobe likita zai gan shi, ko aka yi masa rasuwa a ƙetare, shi ne zai tarar an rufe. Tirelar da ke kawo kayan shago ita ma a wannan benen take neman wuri. Wato arahar da aka yi domin mutanen tsibiri ta jawo musu abokan takara a kan abin da ya fi ƙaranci.

An sayi doki ba a kafa turke ba

Amsar da hukuma ta bayar ita ce a ƙaro girman jirgi. A 2015 aka ba kamfanin Ferguson da ke Port Glasgow kwangilar ƙera jirage biyu a kan fam miliyan 97, a miƙa su a 2018. Na farko, Glen Sannox, na Arran ne. Labarin abin da ya biyo baya ya cika jaridun Birtaniya shekara da shekaru, don haka a taƙaice: an tura jirgin cikin ruwa a watan Nuwamba na 2017 a gaban shugabar gwamnatin Sikotlan ta lokacin, Nicola Sturgeon, alhali tagogin ɗakin tuƙinsa fenti ne aka zana, kamfanin ya durƙushe a 2019 gwamnati ta karɓe shi, ofishin binciken kuɗin gwamnati ya fitar da rahoto a 2022 yana sukar yadda aka ba da kwangilar ba tare da cikakken lamunin dawo da kuɗi ba, kuɗin aikin ya kai wajen ninki huɗu. Glen Sannox bai fara ɗaukar fasinja ba sai a watan Janairu na 2025. Ɗan'uwansa Glen Rosa har shekarar ta ƙare bai fara aiki ba.

Jinkirin da tsadar su suka ɗauke hankalin jama'a. A ganina abin da ya fi su nauyi ga matafiyi shi ne wannan: Glen Sannox, mai tsawon mita 102, ba ya iya shiga tashar Ardrossan lafiya a yadda take. An san haka tun ana ƙera shi. An kuma san cewa sai an sake fasalin wurin jinginar jirgin. A ɓangaren tsibiri an yi aikin, sabuwar tashar Brodick ta buɗe a 2018. A ɓangaren Ardrossan kuwa, ko da ministan sufuri na lokacin, Humza Yousaf, ya tabbatar a 2017 cewa Ardrossan ce za ta ci gaba da zama tashar Arran, ba tashar garin Troon da ta nemi a ba ta ba, aikin bai tashi ba. A 2023 ma aka dakatar da shirin don a sake duba lissafinsa, saboda kuɗin ya hau.

Me ya hana? Dubi yawan hannayen da ke cikin tukunyar. Kamfanin gwamnati mai suna CalMac ke tuƙa jiragen, amma ba nasa ba ne. Wani kamfanin gwamnati daban, CMAL, shi ke da jiragen da tashar Brodick. Hukumar Transport Scotland ke riƙe da jakar kuɗi. Tashar Ardrossan kuwa a lokacin mallakar wani kamfani ne mai zaman kansa, Peel Ports, ga kuma ƙaramar hukumar North Ayrshire da nata rabon a aikin. Gwamnati ba ta son zuba kuɗin jama'a masu yawa a kadarar da ba tata ba, mai kadarar kuma yana da nasa lissafin. Shekaru suka wuce ana zama ana tashi a kan wa zai biya me. Kowanne yana iya nuna cewa ya yi nasa, amma babu ofishi ɗaya da za ka shiga ka tambaya, "Wa ke da alhakin ganin mutum ya bar Glasgow ya isa Brodick?" a ce maka ga shi nan.

2024 da 2025

A watan Janairu na 2024 abubuwa biyu suka faɗo tare. Caledonian Isles ya tafi gyaran shekara, aka tarar tsatsa ta ci ƙarfensa fiye da yadda ake zato, daga baya kuma giyarsa ta ba da matsala. Gyaran 'yan makonni ya koma na fiye da shekara ɗaya da rabi. A watan nan dai mai tashar Ardrossan ya rufe ɗaya daga cikin wuraren jinginar jirgi biyu da take da su, saboda ya lalace. Wannan wurin shi ne kaɗai jirgin haya Alfred, wanda aka aro daga wani kamfanin tsibiran Orkney don toshe giɓi, yake iya amfani da shi. Dole ya koma Troon. Tsohon jirgi Isle of Arran, ƙirar 1984, shi aka bari yana ta faman riƙe Ardrossan. Da Glen Sannox ya iso, daga Troon ya fara, kuma Ardrossan ta yi watanni a farkon 2025 babu jirgin Arran ko ɗaya.

A taswira Troon ba ta da nisa da Ardrossan, tana ɗan kudu kaɗan. Tasharta ma ta fi samun kariya daga wasu iskoki, kuma mutane da dama sun yaba da yadda sabon jirgin ke jure rashin kyawun yanayi. Amma dubi abin da ƙaurar ta yi wa zangon nan uku. Ketarawa ta tashi daga minti 55 ta koma kamar awa ɗaya da kwata. Minti 20 ba wani abu ba ne ga wanda ke zaune yana shan shayi yana kallon teku, amma ga jadawali babban abu ne: jirgin da zai yi sawu biyar daga Ardrossan sawu uku yake yi daga Troon. Girman da aka ƙara wa jirgin, ƙarancin sawu ya cinye shi. Wunin da ɗan tsibiri yake samu a ƙetare ya gajarce, har ganin likita na awa ɗaya yana iya zama dalilin kwana a otal.

Sannan tashar jirgin ƙasa ta Troon tana cikin gari ne, kusan kilomita biyu daga bakin ruwa. An sa motar bas tana jigila tsakani, amma ƙarin zango ne, ƙarin sauke kaya da lodawa, ƙarin wurin da za a iya makara. Mai mota bai ma san an yi ba, shi dai ya bi wata kwanar daban a babban titi. Tsohuwa mai sanda, ɗalibi da jakar baya, uba mai tura keken jariri cikin ruwan sama, su suka biya kuɗin ƙaurar da jikinsu. Ga shagunan garin Ardrossan da suka dogara da masu wucewa, waɗanda har ƙungiyar fafutukar ceto tashar aka kafa.

Wani abin da ke ba ni mamaki, ko da yake gefen magana ne: an ƙera Glen Sannox ya iya amfani da gas ɗin da aka sanyaya ya zama ruwa, don rage hayaƙi. Gas ɗin kuwa ta ruwa ake shigo da shi wata tasha a Kent, can kudancin Ingila, sannan tankoki su ɗauko shi a kan titi su yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Sikotlan.

Abin da wannan ke nufi ga mai shiri

A ɗauka mutum biyar ne: miji da mata, yara biyu, da kakar yaran wadda gwiwa ke damunta. Sun ga wani gida na haya a gaɓar yamma, kusa da Machrie, daga Asabar zuwa Asabar a watan Yuli. Abin da kusan kowa ke yi shi ne ya biya kuɗin gida tukuna, sannan ya waiwayi jirgi. A Arran wannan baibai ne. Gidajen haya da yawa a ƙarshen mako suke sallamar baƙi su karɓi wasu, makarantun Sikotlan suna hutu daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta, na Ingila kuma daga ƙarshen Yuli, don haka benen motoci na ranakun Juma'a da Asabar shi ne abin da ya fi wuyar samu a duk tafiyar. Sai a buɗe shafin jirgi da na gida a lokaci ɗaya, a tabbatar akwai gurbin mota na zuwa da na dawowa, sannan a biya gida. Kuma a karanta sunan tashar da ke jikin tikiti da kyau. A shekarun nan jirgin Brodick yana iya tashi daga Ardrossan, yana iya tashi daga Troon, wani lokacin ma a rana ɗaya ana tashi daga duka biyun.

Waɗannan mutum biyar suna bukatar motarsu, babu ja. Machrie ba ta da babban shago, bas ba ta wucewa sai bayan awanni, kakar kuma ba za ta tsaya a bakin titi cikin iska ba. Su ne irin waɗanda aka yi benen motoci dominsu. Mai mota ana so ya isa aƙalla minti 30 kafin tashi, in ya makara ana iya ba wani gurbinsa. Mai ƙafa minti 10.

To, a ɗauki wasu abokai biyu da za su kwana uku a Brodick ko Lamlash, burinsu su hau Goat Fell, su ga tsayayyun duwatsun Machrie Moor da mutane suka kafa dubban shekaru da suka wuce, su shiga ƙaramin kwalekwalen da ke kai mutane ƙaramin tsibirin Holy Isle daga Lamlash. Waɗannan in suka ketara da mota sun ɗora wa kansu kaya ne kawai. Hanyar hawa dutsen daga kusa da fadar Brodick take farawa. Lamlash 'yan mintoci ce a bas. Wanda ya shiga da ƙafa, in aka soke jirginsa, kusan kullum zai samu wuri a na gaba. Wanda ke da mota kuwa ya shiga layin jira tare da duk motocin jirgin da aka soke, a bayan waɗanda suka riga suka kama gurbi a na gaban.

Ranar komowa ta fi ranar zuwa haɗari. Kada a kama jirgin ƙarshe na yini, don in shi aka soke babu na baya. Kada kuma a ɗaura tikitin jirgin sama daga Glasgow a kan jirgin ruwan safiyar ranar. A bar kwana ɗaya tsakani. CalMac yana nuna halin kowace hanya da launi a shafinsa da manhajarsa, kuma in ka ga ruwan ɗorawa ma'anarsa ana iya sokewa ba tare da dogon gargaɗi ba. Akwai kuma wani bambanci a dokar haƙƙin fasinja da mutane ba su cika sani ba sai ya same su: in inji ne ya lalace aka soke tafiya har dare ya riske ka, kamfani na da alhakin taimaka maka da wurin kwana, zuwa wani iyaka. In iska ce ta hana, za a mayar maka da kuɗin tikiti ko a sa ka a wani jirgin, amma makwanci naka ne.

Akwai ƙofar baya, kuma ya kamata a san ta ko ba za a bi ta ba. Daga Lochranza a arewacin tsibirin wani ƙaramin jirgi, mai ɗaukar motoci ashirin da 'yan kai, yana ketarawa zuwa Claonaig a yankin Kintyre cikin minti 30. A lokacin baƙi ba a kama gurbi, wanda ya riga zuwa shi ke shiga. A hunturu kuwa sawu ɗaya yake yi a rana zuwa Tarbert, kuma sai an kama wuri. Ranar da babban jirgi ya tsaya, layin motoci a Lochranza yakan yi tsawo nan da nan, don kowa ya tuna da ita a lokaci ɗaya. Claonaig ɗin ma ba gari ba ce, gangaren siminti ne kawai a bakin ruwa da siririn titi. Daga can zuwa Glasgow tuƙin kusan awa uku ne a kan titin A83, wanda ke bi ta mashigin dutsen Rest and Be Thankful, inda zaftarewar ƙasa ta sha rufe hanya. Ga mai mota mafita ce mai gajiyarwa. Ga mai ƙafa da kyar za a kira ta mafita.

Cikin tsibirin

Titunan Arran ba su da wuyar haddacewa. Ɗaya ya zagaye gaɓa, kamar kilomita 90. Biyu sun ratsa tsakiya: String, wanda injiniya Thomas Telford ya tsara a 1817, daga Brodick zuwa Blackwaterfoot, da Ross, daga Lamlash zuwa kudu maso yamma. A taswira mutum zai ce awa ɗaya ta isa ya zagaye tsibirin. Ba ta isa ba. Titin yana hawa yana sauka, kwana a kan kwana, tumaki suna kwance a gefensa, a arewa barewa na iya faɗowa da magariba, ga ayarin masu keke da ba ka da wurin wuce su sai ka yi haƙuri.

Ross kuwa mota ɗaya yake ɗauka. An yi masa wuraren ratsewa jefi-jefi, ɗan faɗi a gefe da alama a kan sanda. Ƙa'idar ita ce, in ka hango mota tana zuwa kuma wurin ratsewa yana hagunka, ka shiga ka tsaya. In yana damanka, ba za ka tsallaka ka shiga ba. Ka tsaya daidai da shi a naka hannun, mai zuwa ya lanƙwasa ta ciki ya wuce. In wurin da ya fi kusa yana bayanka, kai za ka ja da baya. In ka ga mota ta matso bayanka tana sauri, ka ratse ka ba ta hanya, wataƙila ma'aikaciyar jinya ce mai zagayen gidaje ko wani mai son cim ma jirgi. Ana ɗaga hannu a gaisa in an wuce juna. Abin da ke ƙona ran mutanen wurin shi ne baƙon da zai ajiye mota a wurin ratsewa ya fita ɗaukar hoto.

Motocin bas, waɗanda Stagecoach ke tafiyar da su da tallafin hukumar sufurin yankin, suna da kyau ga wanda ya yarda ya tsara wuninsa a kansu. Tunda jirgi suke bi, tsakanin wata da wata akan samu awanni, ranar Lahadi da lokacin hunturu kuma sun fi ƙaranci. Wanda zai je Machrie Moor, misali, daga inda bas ta sauke shi sai ya taka fiye da kilomita biyu kafin ya kai duwatsun, don haka tun kafin ya sauka ya san ƙarfe nawa ta komawa za ta wuce. Tasi kaɗan ne a duk tsibirin, ba a tare su a titi, waya ake yi tun da wuri. Motocin haya su ma ba su da yawa. Keke ana ketarawa da shi kyauta, akwai kuma masu ba da hayarsa a Brodick, har da mai batir, wanda shi ya sa hawan String ya daina zama na 'yan wasa kaɗai. Mazauna Sikotlan 'yan ƙasa da shekara 22 da waɗanda suka kai 60 suna shiga bas kyauta da katinsu, amma baƙon da ya zo daga waje zai biya.

A nan ne nake ganin lissafin hukuma ya karkace. Kuɗin da aka zuba wajen rage kuɗin ketarawa da mota, da na ƙera manyan benayen da za su ɗauke ta, ya ninka abin da ake kashewa a kan bas ɗin tsibirin nesa ba kusa ba. Alhali bas ɗaya da za ta riƙa wucewa kowace awa a gaɓar gabas da String, har zuwa dare a watannin baƙi, za ta iya sa irin abokan nan biyu su bar motarsu a gida, gurbinta ya koma ga mai zuwa asibiti ko ga tirelar kayan shago. Masu goyon bayan ƙananan jirage sun daɗe suna cewa jirage biyu ko uku matsakaita, masu yawan sawu, sun fi ƙato ɗaya amfani, don in ɗaya ya lalace ba a rufe tsibiri. Masu kare babban jirgi kuma suna cewa shi ke iya fita a ranar da teku ta yi fushi. Duka biyun suna da gaskiya, amma muhawarar ta zo bayan an riga an yanka ƙarfe.

A watan Fabrairu na 2025 sakatariyar sufuri ta lokacin, Fiona Hyslop, ta sanar cewa gwamnati na neman sayen tashar Ardrossan, don a cire babban abin da ya hana aikin tashi. Ko a hannun wa tashar take, sake gina wurin jinginar jirgi aiki ne mai cin lokaci, kuma tun asali shirin shi ne a mayar da jiragen Arran Troon muddin ana aikin. Wato mai tafiya a ƙafa yana da sauran shekarun hawa bas daga tashar jirgin ƙasa zuwa bakin ruwa, kafin jirgin da aka ba da kwangilarsa a 2015 ya jingina a inda layin dogo yake.